Karatun ƙididdiga ta intanet da kuɗin sallama: in biya ko in haƙura?

Dan_Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan abin da ya hana ni barci. Shekara shida na yi a wata masana'antar robobi a nan Kumasi, a sashen da ke duba kaya kafin a loda su a mota, kuma wata uku ke nan da aka rage ma'aikata, ina cikin waɗanda abin ya shafa. An ba mu ɗan abin sallama. Duk tallan aikin da na gani a fanninmu yanzu sai an rubuta cewa ana son wanda ya san ƙididdiga da hanyoyin inganta aiki, musamman abin da ake kira Six Sigma. Na sami wani kwas na wata huɗu ta intanet, amma da dalar Amurka ake biya, kuma idan aka juya kuɗin zuwa sidi zai cinye kusan rabin abin da ke hannuna. Ina da iyali da yara biyu, ga mai gida zai nemi hayar shekara a dunƙule. Shin in biya in yi karatun, ko in sa kuɗin a ƙaramin ciniki in jira gari ya yi sauƙi?

Alhaji_Kejetia:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni shawarata ita ce kada ka taɓa kuɗin nan saboda takarda. Da idonmu muka ga dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura sidi 14 a watan Nuwamba na shekarar, kuma muka ga waɗanda suka ba gwamnati rance an sauya musu sharuɗɗan biya. Wanda ke da kuɗi a hannu a irin wannan lokaci ya mayar da su kayan da ba sa lalacewa da wuri, ko masara ko wake ko shinkafa. Masu digiri nawa ne suke zuwa shagona neman aikin rubuta rasit? Takarda ba ta shiga tukunya.

Malamin_Lissafi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa game da takarda, amma ina ganin ƙaninmu ya haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Ilimin daban, takardar shaidarsa daban. Takardar ce ake sayarwa da dala, shi kuwa ilimin kusan kyauta yake ga mai waya da data. Darussan ƙididdiga na Khan Academy ba a biyan ko fesuwa, jami'ar MIT ta ɗora darussanta a fili, shafin karatu na Coursera yana da hanyar neman tallafi ga wanda ba shi da hali, kuma hukumar ma'aunai ta Amurka, wato NIST, tana da cikakken littafin hanyoyin ƙididdiga a shafinta. Manhajar Minitab da kwasa-kwasan nan suke yawan amfani da ita tana da tsada, amma Excel ko Google Sheets sun ishi mai farawa, kuma manhajar R kyauta ce.

Ƙanina, tambayata gare ka ita ce: a shekara shidan da ka yi kana duba kaya, me kuke yi da alƙaluman da kuke rubutawa?

Dan_Aboabo:
Malam, muna rubuta adadin waɗanda suka fashe ko suka fito a karkace a wani babban littafi, kowace rana, safe da dare. Idan adadin ya yi yawa sai shugaban sashe ya kira masu injin ya yi musu faɗa, idan ya ragu a yaba musu. Idan littafin ya cika sai a ajiye shi a sito a ɗauko sabo. Ban taɓa ganin wanda ya koma ya buɗe tsoho ba.

Malamin_Lissafi:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Wannan faɗa da yabo shi ne ainihin ciwon da aka ƙirƙiro wannan fanni domin magance shi. A 1924 wani masanin kimiyya mai suna Walter Shewhart, yana aiki da kamfanin Western Electric mai ƙera kayan tarho a Amurka, ya lura cewa hawa da saukar alƙaluma iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin jinin aikin, kullum sai an same shi ko da kowa ya yi abin da ya kamata, kamar yadda hannun mai awo ba ya cika mudu daidai wa daida sau biyu. Akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya kawo, misali an canza mai kawo ɗanyen kaya ko wani ƙarfe ya ci a cikin inji. Sai ya fito da jadawalin sa ido: a zana layin matsakaici a tsakiya, a auna yadda alƙaluman suke warwatsuwa, a ninka wannan ma'auni sau uku, a ja iyaka ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Duk ɗigon da ya faɗa tsakanin iyakokin, a bar ma'aikaci ya sarara, domin tsarin ne ke magana ba shi ba. Wanda ya tsallake iyaka kuwa, ruwa ba ya tsami banza, sai a tashi a nemo dalili.

Shugaban sashenku yana yi wa mutane faɗa a ranar da adadin ya hau, washegari adadin ya sauko da kansa kamar yadda zai sauko ko ba a yi faɗan ba, shi kuma ya ɗauka faɗansa ne ya yi aiki. Wannan kuskure ne da shugabanni masu manyan takardu suke yi kullum. Idan ka fahimci wannan kaɗai, kuma ka iya zana jadawalin da alƙaluman kwana 25, ka riga ka riƙe ginshiƙin abin da za a koya maka a wata huɗun nan.

Mai_Shakka:
Ina girmama Malam, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masana'antar da ta sallami ɗan'uwanmu ba don robobi suna fashewa ta sallame shi ba. Ɗanyen kayan daga waje ake shigo da shi da dala, kuɗin wuta ya ƙaru, Babban Bankin Ghana ya kai kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari a watan Yulin 2023, kuma masu saye ba su da abin saye. Wane jadawali ne zai sauko da dala? Waɗannan dabaru na ƙasashen da wutarsu ba ta ɗaukewa ne.

Injiniya_Suame:
Mai_Shakka, jadawali ba zai sauko da dala ba, a nan ban ja da kai ba. Amma batun cewa dabarun na masu wadata ne, tarihi bai goyi bayanka ba. Lokacin da Deming, wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya je Japan a 1950 ya koyar da injiniyoyinsu da shugabannin kamfanoni hanyar Shewhart, ƙasar ba ta gama tashi daga yaƙi ba. A wannan shekarar kamfanin Toyota ya kusa durƙushewa, ya rage ma'aikata, wanda ya kafa shi ma ya sauka daga kujera. Rashin kuɗin tara kaya a sito yana cikin abin da ya sa Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin, ya dage a kan farautar asara a kowane lungu na aiki. Talauci ne ya raini wannan ilimi.

Mu a Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Suame a Kumasi, mun ɗanɗana kaɗan daga ciki. Hukumar JICA ta Japan ta yi aiki da NBSSI, hukumar ƙananan masana'antu ta Ghana, wadda yanzu ta koma Ghana Enterprises Agency, wajen koyar da ƙananan masana'antu tsarin kaizen, wato inganta aiki kaɗan-kaɗan a kullum, kuma a nan yankin Ashanti aka fara. Ni injin niƙa da na ɓare masara nake ƙerawa. Abin da na koya ba lissafi mai zurfi ba ne. Na sa yaro ɗaya ya riƙa yin alama a takarda duk lokacin da aka dawo mana da inji, da dalilin dawowar. Bayan wata biyu muka jera dalilan daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, irin jerin da Juran, wani masanin ingancin kaya, ya laƙaba wa sunan Pareto, sai ga shi fiye da rabin ƙorafin daga wuri ɗaya ne, wato ramin da boris ke zama. Ashe yarana uku kowa da yadda yake auna shi, ɗaya ma da ido. Na sa aka yanka ma'auni guda na ƙarfe, kowa ya riƙa gwadawa da shi. A da idan inji ya dawo, asarar walda ce da ta kwana ɗaya. Yanzu da ƙarfe ya yi wannan tsada, inji ɗaya da ya dawo yana iya cinye ribar biyu. Saboda haka ni a wurina tsadar ce ma ta sa awon ya zama dole.

Hajiya_MaiBurodi:
Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ban yi boko mai nisa ba. 'Yata ce ta yi irin wannan karatu a waya lokacin da take jiran aikin bautar ƙasa, sai ta mayar da gidan burodina wurin gwaji. Da farko na ɗauka wasa take yi. Ta sayo ƙaramin sikeli, kowace awa ta ɗauki curi biyar na kwaɓin da yara suka yanka ta auna ta rubuta. Mun tsayar cewa kowane curi giram 500 ne, amma da ta haɗa na mako biyu sai matsakaicin ya fito kusan 520, kuma na masu aikin dare ya fi na masu aikin rana warwatsuwa, wani ya yi nauyi ƙwarai wani ya gaza. Ta ce mini: Mma, giram 20 a curi ɗari kilo biyu ne, wato burodi huɗu kike kyautarwa ba ki sani ba, kuma duk da haka akwai mai sayen da yake samun wanda bai cika ba. Na so in yi wa yaran dare faɗa, ta hana ni, ta ce mu fara duba wurin. Ashe ƙwan fitilar da ke kan teburin yanka ya mutu tun tuni, da hasken na bakin ƙofa suke aiki. Buhun fulawa mai kilo 50 bai sauko ba, amma abin da nake fitarwa daga cikinsa ya ƙaru.

Malam_Alabar:
Hajiya, Allah ya yi wa 'yar nan albarka. Sai dai ina da jan hankali ɗaya ga duk mai shirin bin wannan hanya. Akwai bambanci tsakanin daidaita awo da tauye awo. A wannan matsi mun ga burodi ya ƙanƙance, ƙullin gari ya ƙanƙance, an bubbuge gindin olonka, gwangwanin awo, ya shige ciki, farashi kuwa yana nan ko ya ƙaru, ba tare da an gaya wa mai saye ba. Suratul Muɗaffifina a kan masu irin wannan ta sauka. Idan sikelin zai sa kowa ya sami 500 ɗin da aka yi masa alkawari, alheri ne. Idan kuma za a yi amfani da shi a sauke zuwa 450 a ɓoye, ilimin ya zama hujja a kan mai shi.

Hajiya_MaiBurodi:
Allah ya gafarta Malam, 500 ɗin na nan yadda yake. Da fulawa ta ƙara tashi, farashi na ƙara a fili, na kuma faɗa wa masu sari dalili.

Malamin_Lissafi:
Maganar Malam ta tuna mini wani tarko da ya shafi kowa a nan, har da Alhaji. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban 2022. Ɗauki ɗan kasuwar da cinikinsa a sidi ya ƙaru da kashi 30 a wannan shekara. Littafinsa zai nuna masa ci gaba, alhali idan ka raba 130 da 154 za ka ga abin da kuɗin ke iya saye ya ragu da kusan kashi 16. Don haka duk mai son auna aikinsa a irin wannan lokaci ya auna da buhu, da kilo, da guda, da awa, kada ya auna da sidi kaɗai. Hajiya ta tsira ne domin da giram 'yarta ta auna.

Alhaji_Kejetia:
Wannan kam mun san shi tun kafin a haifi intanet. Mahaifina da kwandon goro yake lissafin dukiyarsa, ba da fam ba. Idan abin da ake koyarwa ke nan, to a zo kasuwar Kejetia a koya kyauta. Har yanzu ban ji wanda ya ce yaron nan ya biya dala ba.

Yar_Nima:
Baba Alhaji, bari in amsa wannan ɓangaren, domin ni a sashen ɗaukar ma'aikata nake a wani kamfanin sarrafa abinci a Accra. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce takarda tana buɗe ƙofar farko. Idan takardun neman aiki suka taru, wanda ke tacewa yana neman wasu kalmomi ne, kuma wanda ya rubuta Six Sigma ko ISO 9001, ƙa'idar tsarin kula da inganci ta duniya, ya fi saurin tsallakewa. Amma Yaya Dan_Aboabo ya san wannan kafin ya biya: Six Sigma tsari ne da kamfanin Motorola ya fito da shi a 1986, General Electric ya yayata shi daga 1995, kuma babu wata hukuma guda a duniya da ke da ikon ba da shaidarsa. Kowa na iya buɗe shafi ya sayar da koren ɗamara ko baƙar ɗamara, wato sunayen matakan shaidar. Akwai masu nauyi, irin ta ƙungiyar ASQ ta Amurka, wadda ba ta barin mutum ya zauna jarrabawar koren ɗamara sai yana da shekara uku na aiki a fannin, kuma kai ka cika wannan sharaɗi. Akwai kuma waɗanda ake samu a ƙarshen mako ɗaya.

Na taɓa zama a ganawa da wani mai baƙar ɗamara, injiniyanmu ya miƙa masa alƙaluman nauyin kaya na wata ɗaya ya ce ya faɗi abin da ya gani. Ya iya jero matakai biyar na tsarin a ka, ya san cewa Six Sigma na nufin aibi 3.4 a cikin miliyan, amma bai iya cewa komai a kan takardar da ke gabansa ba. Wadda muka ɗauka ba ta da ɗamara ko ɗaya, sai dai ta zo da shafi uku na aikin da ta yi a wani gidan ruwan leda: yadda ta ƙirga ledojin da ke yoyo, abin da ta canza, da yadda adadin ya koma bayan canjin.

Dan_Aboabo:
'Yar'uwa, na gode. Amma ni yanzu ba ni da wurin aiki, a ina zan samo shafi ukun?

Nas_Asawase:
Kafin a amsa masa, ina so in ƙara cewa abin bai tsaya a masana'anta ba. A fannin lafiya an yi shirin Project Fives Alive tun daga 2008, haɗin gwiwar cibiyar inganta kiwon lafiya ta IHI ta Amurka da sashen lafiya na cocin Katolika da hukumar lafiya ta Ghana, domin rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma daga arewacin ƙasar aka fara. Hanyar ita ce a tsara ƙaramin canji, a gwada, a duba sakamako, sannan a yanke shawara, a sake zagayowa. Wata babbar nas da ta yi aiki a shirin ce ta koya mini. Mu jadawalinmu ya fi na Malamin_Lissafi sauƙi, layi ɗaya ne a tsakiya ba iyakoki, kuma an koya mana cewa idan ɗigo shida suka jeru a gefe ɗaya na layin, to canji na gaske ya faru. Da shi muka auna lokacin da uwa ke jira da yaro mai zazzaɓi kafin a duba shi.

Malamin_Lissafi:
'Yar'uwa Nas, a littafin Western Electric na 1956 ɗigo takwas ne, ba shida ba.

Nas_Asawase:
Malam, jadawalin ne ba iri ɗaya ba. Naka yana da matsakaici da iyakoki biyu, namu kuwa layin tsakiyarsa shi ne adadin da ya raba alƙaluman gida biyu daidai, kuma ƙa'idar shida ce ake koyarwa da shi a asibitoci.

Malamin_Lissafi:
Haka ne, na karɓi gyara. Na yi gaggawa.

Matashin_Sawaba:
Duk wanda ya ce ilimin kyauta ne bai sayi data kwanan nan ba. Na fara irin wannan kwas sau biyu ban gama ba. Bidiyo yana shan data kamar rairayi da ruwa, kallon jadawali a fuskar waya yana sa ciwon ido, kuma ranar da na zauna gwajin da ke da ƙayyadadden lokaci aka ɗauke wuta, wayar ta mutu a tsakiya. Ga kuma biyan kuɗin, domin yawancin shafukan nan katin banki suke karɓa ba MoMo, kuɗin waya, ba, kuma farashin dalar da za a cire maka ba shi ne wanda ka gani a labarai ba. Wani abokina ya manta bai soke rajistar wata-wata ba, aka yi ta cire masa har wata uku. Abin da ya fi duka wuya shi ne kaɗaici. Idan ka maƙale a kan abu ɗaya da ƙarfe ɗayan dare, ba wanda za ka tambaya. Shawarata ga Yaya ita ce ya sauke bidiyon da datar dare mai rahusa, ya karanta rubutaccen bayanin darasin maimakon kallo idan akwai, kuma kada ya fara shi kaɗai.

Mai_Shakka:
Na karanta labarin Injiniya da na Hajiya, kuma na yarda sun amfana. Amma ku lura, su biyun masu wurin ne, idan suka ga gyara sai su yi. Ɗan'uwanmu ma'aikaci ne. Ko ya zana jadawali ɗari, idan mai kamfani ya ce a sayi ɗanyen kaya mai araha domin dala ta hau, haka za a yi. Deming ɗin da kuke ambata shi da kansa ya ce yawancin matsala daga tsarin da shugabanni suka kafa take, ba daga ma'aikata ba. To wa ya kamata ya yi kwas ɗin? Kuma bashin dala biliyan 3 da IMF ta amince da shi a watan Mayun 2023 bai sa na ga masana'antu sun koma ɗaukar mutane a unguwarmu ba.

Injiniya_Suame:
A wannan kam ka kama ni, domin da ni yaron shago ne da ban isa in yanka ma'aunin nan ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yanzu ne yake da lokacin da ba zai samu ba idan aiki ya dawo. Game da tambayarsa ta inda zai samo shafi uku: ƙanina, ka zo Magazin. Ina da matsalar da na kasa ganewa, fentin da muke fesawa yana ɓarewa a wasu injinan bayan 'yan watanni, a wasu kuma ba ya yi. Ba zan iya biyan ka albashi ba, amma kuɗin motar haya ta trotro da abincin rana suna wuyana, kuma duk abin da ka gano naka ne ka kai inda kake so.

Hajiya_MaiBurodi:
Ni ma ƙofata a buɗe take. 'Yata ta tafi bautar ƙasa, littafin awon yana nan ba mai ci gaba da shi, kuma har yanzu ban san dalilin da ya sa burodin Litinin yake yawan dawowa ba.

Alhaji_Kejetia:
To wannan na yarda da shi, tunda ba dala a ciki. Amma ɗana, ka fara cire kuɗin hayar ka ajiye gefe kafin komai, kuma maganar masara tana nan.

Yar_Nima:
Baba, ni dai ban ce kada ya biya har abada ba. Idan ya gama aikin Magazin, ya ga fannin ya karɓe shi, jarrabawar da ke da nauyi za ta yi masa amfani, musamman a kamfanonin da ke fitar da kaya waje, inda masu saye ke tambayar takardu. Ya dai duba ko dalar ta lafa kafin lokacin.

Dan_Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban yanke hukunci a kan kwas ɗin ba, amma na rufe shafin biyan kuɗin tukuna, kuma na rubuta neman tallafi a Coursera kamar yadda Malam ya ce. Injiniya, zan zo ranar Asabar bayan azahar idan Allah ya kai mu. Malamin_Lissafi, matsalar fenti ba nauyi ba ce da za a ɗora a sikeli, ko dai ya ɓare ko bai ɓare ba. Shin jadawalin nan na Shewhart yana aiki a kan irin wannan?

Malamin_Lissafi:
Yana aiki, sai dai lissafin iyakokin daban ne, domin kaso ake ƙirgawa ba nauyi ba, kuma yana son injuna masu ɗan yawa kafin ya faɗi abin dogaro. Kada ka fara da shi. Ka fara tambayar Injiniya ko yana rubuta ranar da aka fesa kowane inji, da wanda ya fesa, da irin fentin, da ko an kankare tsatsa kafin a fesa.

Injiniya_Suame:
Ranar sayarwa kawai muke rubutawa. Sauran sai dai a tambayi yaran, idan sun tuna.

Matashin_Sawaba:
Idan za a riƙa haɗuwa ana bitar darussan, a sa da ni. Ina da tsohuwar kwamfuta, batirinta ne kawai ya mutu, sai an sami wurin da ke da wuta.